Waye ke rubuta sunan ungulu a takarda?

Jama'a, tun 1916 Turawa suka kafa dokar kare namun daji a ƙasar nan, gwamnatin Sardauna ta yi tata ta Arewa a 1963. Amma wadda ta fi tasiri ita ce Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985, zamanin Janar Buhari, lokacin Funtua da Malumfashi suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. An yi ta ne don cika alkawarin yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washinton a 1973.

Dokar ta kasa dabbobi gida biyu: waɗanda aka haramta farautarsu da cinikinsu ɗungurungum, da waɗanda sai da lasisi. Tarar laifin farko a rukuni na ɗaya naira 1,000 ce, kuma haka ta zauna har 2016 kafin a ƙara ta. Shekara 31 fa!

Ni inda na fi damuwa ba tarar ba ce. Dokar ta ba minista ikon sa sunan dabba ko cire shi ta hanyar sanarwa a gazet, shi ke nan. Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda fayil irin wannan ke kwana a tebur in ba mai bibiyarsa.

Ku dubi Amurka. Dokarsu ta 1973 ta ba kowane ɗan ƙasa damar shigar da buƙatar a sa dabba ko a cire ta, kuma dole hukuma ta amsa da hujja. Gaggafar da ke tambarinsu ta ragu zuwa aure 417 a 1963. Aka hana maganin ƙwari na DDT, aka yi ta ƙirga, sai da ta doshi aure 10,000 sannan aka cire sunanta a 2007. Ƙirga ce ta shigar da ita, ƙirga ce ta fitar da ita.

To mu wa ya ƙirga ungulu? Duk wanda ya haura arba'in ya san yadda take cika mahauta da bayan kasuwa a Funtua, Bakori, Ƙafur har Malumfashi. Yau yaranmu sai a hoto. Masu sayen kanta don tsibbu, da gubar da ake zuba wa mushe, da sare manyan itatuwan da take sheƙa, su suka gama da ita. A 2015 hukumar IUCN ta sa ta cikin masu dab da ƙarewa, alhali mahautanmu sun riga kowa lura.

Kada wani ya ce ai ƙazamar tsuntsuwa ce. A Indiya maganin shanu na diclofenac ya kusa shafe ungulayensu kafin a hana shi a 2006. Mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Yankin noma da kiwo irin namu, inda ake jefar da mushe a bakin gona ko kusa da rafi, shi zai fara ɗanɗana wannan.

Duk gyaran da Majalisar Tarayya za ta yi wa dokar, a tambayi wakilanmu: wa zai yi ƙirgar, duk shekara nawa, kuma maharbi ko ma'aikacin gandun daji a Faskari yana da ƙofar da zai kai rahoto?