Zanen gaɓar teku

Zanen gaɓar teku wani reshe ne na zanen shimfiɗar ƙasa, inda mai zane yake nuna bakin teku, kwale-kwale, itatuwan kwakwa da sararin samaniya. A ƙasashe masu zafi, ana auna ingancin irin wannan zane ne da yadda launukansa suka bayyana lokaci da yanayin iska.

Launi da yanayi

Iskar bakin teku tana ɗauke da laima, saboda haka abin da yake nesa yakan dushe ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, na kusa kuma ya fito sarai. Da wannan bambanci mai zane yake nuna nisa. Ruwa kuma yana ɗaukar launin sama, shi ya sa ake haɗa launukan su biyun tare. Shuɗi da kore sukan kawo natsuwa, ja da ruwan goro na faɗuwar rana su nuna ɗumi, duhun hadari kuwa ya sa fargaba.

A Arewa ƙura ce take yin aikin da laima take yi a kudu. A bakin kogin Kaduna ta wajen Gamji, lokacin hunturu hazo yakan mayar da ɗaya gaɓar fari-fari mai sirkin ruwan ƙasa, da damina kuwa kore yakan fito da ƙarfi.

Tarihi

Paul Gauguin ɗan Faransa ya isa tsibirin Tahiti a 1891, ya yi fice wajen amfani da launuka masu ƙarfi. Armando Reverón na Benezuwela kuwa ya zana gaɓar Macuto kusan da farin launi zalla, don nuna tsananin hasken rana.

A Najeriya

A 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Yusuf Grillo, wanda aka sani da son shuɗi. Shi da Kolade Oshinowo, wanda ya kammala karatu a Zariya a 1972, sun koyar a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas. Abiodun Olaku, tsohon ɗalibin wannan kwaleji, ya shahara da zana unguwannin bakin ruwa na Legas cikin hayaƙi da hasken asuba ko na almuru.