Kazaure da farkon koyon rubuta wa kwamfuta umarni

A shekarar 2001, daidai lokacin da layukan wayar salula suka fara shigowa Legas da Abuja, gwamnatin Jihar Jigawa ƙarƙashin Ibrahim Saminu Turaki ta buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure, da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo. Mutane da dama sun ɗauki abin a matsayin gaggawa. Amma wanda ya duba shekarun sana'ar gina shafukan intanet zai ga ba a makara ba, ba a kuma yi azarɓaɓi ba. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya shafin intanet na farko, wanda aka rubuta da HTML. Tsarin CSS kuwa, mai kula da launi da girman rubutu da tazarar layi, sai a 1996 aka tabbatar da shi. Ke nan ɗaliban Kazaure na farko sun tarar da sana'ar tana ɗanya, shekara 5 kacal bayan an raba gina shafi da ƙawata shi.

Sukar da aka fi yi ita ce ta wutar lantarki: ina amfanin koya wa yaron Roni ko Gwiwa kwamfuta alhali ƙauyensu ba wuta? Tambayar tana da nauyi, domin rashin wutar gaskiya ne, kuma har yau bai kau ba. Sai dai tushen wannan ilimi ba ya cin kaya da yawa. Mai koyo yana buƙatar ya gane yadda ake ajiye adadi a ƙarƙashin suna, yadda ake gindaya sharaɗi a ce in kaza ya faru a yi kaza, da yadda ake sa na'ura ta maimaita aiki har ya cika. Tsohuwar kwamfuta ta isa, kuma ana iya rubuta shafi a Notepad a buɗe shi ba tare da intanet ba. Kamar tela ne: HTML yankan riga da haɗa ta, CSS aikin wuya da zaɓen zare. Na'urorin 2001 sun daɗe da mutuwa, amma umarnin da aka koya a kansu har yanzu yana aiki a wayar hannu.

Wasu sun ce gwamna garinsu ya kai makarantar. Haka ne, ɗan Kazaure ne, amma garin na kan titin Kano zuwa Daura, kuma yana da kwalejin kimiyya da fasaha tun 1991, wadda ta koma ta tarayya a 2007 da sunan Hussaini Adamu.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce, masu hazaƙa kan tafi Kano ko Abuja neman aiki, yankin ya zauna da ɗan abin da ya rage. Wannan gazawar kasuwa ce, domin ɗan kasuwar Babura bai ga dalilin biyan kuɗin shafi ba sai da waya ta shiga aljihun abokan cinikinsa. Yanzu ta shiga, kuma tun 2021 an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Abin da ya rage mata da makarantun Kazaure shi ne su horar da masu gina shafukan Hausa waɗanda ɓ da ɗ da ƙ ke fitowa daidai a cikinsu, su kuma buɗe da sauri ko da data ta yi ƙaranci.