Ja da Shuɗi Bayan Hillsborough

Ranar 15 ga Afrilu 1989, turmutsutsu a filin Hillsborough da ke Sheffield ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool, waɗanda adadinsu ya kai 97 daga baya. Mako guda bayan haka, aka ɗaura ƙyallayen wuya ja na Liverpool da shuɗi na Everton, aka ja su daga Anfield, gidan Liverpool, ta cikin Stanley Park, har Goodison Park, gidan Everton a lokacin. Wannan haɗin kai yana da tushe a tarihin birnin Liverpool. Everton ce ta fara wasa a Anfield. Rikicin kuɗin haya ya sa ta tashi a 1892, aka kafa Liverpool a filin da ta bari. Gida ɗaya, uba ja, ɗa shuɗi, don haka makokin ya shiga gidajen 'yan Everton ma.

Wasu za su ce tausayin 'yan kwanaki ne, tunda gaba ta dawo, kuma 'yan Everton ba su manta haramcin da ya biyo bayan bala'in filin Heysel a 1985 ya hana su gasar Turai suna zakarun Ingila ba. Gabar gaskiya ce. Sai dai da jaridar The Sun ta ɗora wa magoya baya laifi, birnin duka ya ƙaurace mata. A 2012, Goodison ta fito da yara biyu, ɗaya da lamba 9, ɗaya da 6, alamar adadin mamatan a lokacin, tana tsaye da iyalansu. A 2016 binciken kotu ya wanke magoya bayan, ya ce kisan ya saɓa doka.