Yaƙi da Zalunci a Ƙagaggun Labaran Matasa na Ingila, 1973–1981

A farkon Satumba 1939 gwamnatin Birtaniya ta kwashe kimanin mutum 1,500,000 daga manyan birane zuwa karkara don tsoron bama-baman Jamus, yawancinsu kuwa yara ne. Aka rataya wa kowane yaro takarda mai sunansa, aka danƙa shi ga mutanen da bai taɓa gani ba. Bayan shekara 30 da ɗoriya sai wasu fitattun littattafan matasa kan wannan zamani suka bayyana, wato bayan yaran sun girma sun kama alƙalami da kansu.

Nina Bawden tana cikin waɗanda aka kai Wales. A littafinta Carrie's War (1973), an sauke tauraruwar da ƙanenta a gidan wani mai kanti, marowaci, mai tsananin addini, wanda ya danne ƙanwarsa har ba ta iya ɗaga murya a gidan. Abin lura shi ne zubin labarin: Carrie ta komo ƙauyen bayan shekara 30, mijinta ya rasu, tana tafe da 'ya'yanta, amma har lokacin tana ɗauke da nauyin wata gobara da take zaton ita ce sanadinta. An daɗe da ajiye makamai, zuciyarta ba ta huta ba.

Robert Westall ya bi wata hanya a The Machine Gunners (1975), wanda ya ci lambar Carnegie ko da yake an soke shi saboda ashar da zubar da jini. Abokin gabar yaron nan Chas na kullum wani ƙaton ɗan makarantarsu ne mai cin zali. Bajamushen da yaran suka kama kuwa, amininsu ya zama. Wannan ita ce gaɓar da ta fi cancantar nazari, domin a littattafan nan azzalumi ba daga ƙetare yake zuwa ba. Yana aji, ko yana cikin gida.

Michelle Magorian, wadda aka haifa a 1947 ba ta ga yaƙin ba, ita ta kai jigon maƙura a Goodnight Mister Tom (1981). William ya iso ƙauye jikinsa duk tabon duka, kuma uwarsa ce ta yi masa. Kwasar da ta raba dubban yara da gatansu, shi ceto ta zame masa a hannun wani tsoho da ya daɗe yana makokin matarsa. Akwai sassauci a ƙarshen labarin da ya so ya yi yawa, amma tsakiyarsa ba ta ragawa.

Mai nazarin adabin Hausa zai tuna da Shaihu Umar (1934), inda shi ma aka raba yaro da gida a zamanin hare-haren bayi. Sai dai a can uwa ce ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta, a nan kuwa tsohon ne ya tafi Landan ya tarar da William a kulle a ƙarƙashin matakala.