msgctl

msgctl umarni ne da manhaja ke aika wa tsarin Unix ko Linux domin duba ko sauya saitin layin saƙonni, inda shirye-shiryen kwamfuta ke ajiye wa juna saƙo. Yana cikin hanyoyin sadarwa na System V, tsarin da kamfanin AT&T na Amurka ya fitar a 1983.

Manyan ayyukansa uku ne. IPC_STAT yana kwafo bayanan layi cikin tsarin bayanai mai suna msqid_ds: yawan saƙonnin da ke jira, iyakar girman layin, da lokacin aikawa da karɓa na ƙarshe. IPC_SET yana sauya mai layin, izinin karatu da rubutu, da iyakar girman layin (msg_qbytes). IPC_RMID kuwa yana goge layin nan take, shirye-shiryen da ke jira su sami kuskuren EIDRM.

A Linux, iyakar layi ta asali bayit 16384 ce, kuma sai mai izini na musamman ke iya wuce iyakar da tsarin ya gindaya. Layukan saƙonni na POSIX kuwa, da suka shiga Linux 2.6.6 a 2004, suna amfani da mq_getattr da mq_setattr maimakon msgctl.