Daga Peugeot 404 zuwa Motar Lantarki: Tarihin Ƙarfin Mota a Ƙasar Sakkwato

Mota ta shigo ƙasar Sakkwato ne a zamanin mulkin Turawa, a lokacin da raƙumi da jaki da takarkari ke ɗauke da fataucin yankin baki ɗaya. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa na yamma kuma ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙarasa birnin Shehu ba. Wannan ne ya sa babbar mota ta samu matsayin da ba ta samu ba a garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa. Gyaɗa da auduga da fatu daga Rabah da Wurno da Goronyo sai sun hau bayan mota kafin su ga tashar jirgi. Tun daga nan mutanen yankin suka saba auna mota da abubuwa biyu: nawa take ɗauka, kuma shekara nawa take jure wa rairayi da gargada.

A Amurka, inda aka fi ƙera motoci a wancan zamani, ma'aunin daban ne. A can gudu ake so. A 1964 kamfanin Pontiac, wanda ke ƙarƙashin General Motors, ya ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas ya dasa a jikin matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO. Girman injin ya kai lita 6.4, ƙarfinsa kuma na doki 325. Ford ya fito da Mustang a shekarar, Dodge ya biyo da Charger a 1966 da Challenger a 1970, Chevrolet kuma ya kawo Camaro. Waɗannan su ne motocin ƙwanji, masu rugugin salansa da shan mai ba ƙaƙƙautawa. Samarin Amurka sun rungume su saboda fetur yana da arha kuma titunansu shimfiɗaɗɗu ne. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora sun tsauwala kuɗi a kansu, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka sa takunkumin mai, farashi ya ninka wajen sau huɗu. Cikin 'yan shekaru kasuwar manyan injuna ta durƙushe.

Tsadar man da ta kassara motocin ƙwanji a Amurka ita ce ta cika baitulmalin Najeriya. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, ma'aikata suka fara neman abin hawa. Gwamnati ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sai Peugeot a Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. A cikinsu babu wadda ta shiga rayuwar Arewa kamar Peugeot. Samfurin 404 ne ya fara fitowa, 504 ya biyo baya, gwamnatin soja ta wancan lokaci kuma ta mai da shi motar manyan jami'ai.

Injin 504 silinda huɗu ne kacal, girmansa bai wuce lita biyu ba, wato bai kai sulusin na manyan motocin Amurka ba. Amma a ma'aunin Sakkwato ita ce mota mai ƙarfi. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye ramuka, kuma kowane makanike ya san sirrinta. Mai dogon baya ta zama motar haya tsakanin Sakkwato da Gusau da Kano, akori-kurar 404 da 504 kuma ta zama motar kasuwannin ƙauye. A ranar kasuwa akan jera mata buhunan albasa har su zarce kan direba, a ɗaure da igiya, fasinjoji su zauna a bisa kaya, yaron mota ya maƙale a baya riƙe da katakon waigi. In ta shaƙe a hanya, direba ya buɗe bonet, ya kwance kafireta, ya hure ƙofar mai da baki, ya kankare fulogi, a tura ta tashi. Sauƙin gyaran nan ne ya sa ta daɗe.

Ayyukan noman rani sun ƙara wa mota aiki a gabashin jihar. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, da fadamun Wurno sun yawaita shinkafa da albasa da tafarnuwa, kayan da dole a kwashe su zuwa birni da kudancin ƙasa. Sana'o'i suka tsiro a gefen hanya: makanikai, masu faci, masu walda, masu gyaran waya, 'yan kamasho a tasha, da 'yan bumburutu masu sayar da mai a galan da kwalba inda gidan mai ya yi nisa.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun harhaɗawa suka yi ta ja da baya, gwamnati ta sayar da hannun jarinta na kamfanin Kaduna a 2006. Gurbin ya cika da motocin hannu da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano, wasunsu su biyo ta Nijar su shigo ta iyakokin Arewa. Golf da Toyota suka karɓe tashoshi, baburan Sin da Indiya suka haifar da kabu-kabu, mai ƙafa uku ya biyo baya. Duk wannan tsari ya tsayu ne a kan abu ɗaya, wato fetur mai tallafi.

A daidai wannan lokaci wani ɗan Sakkwato yana cikin masu sauya alƙiblar masana'antar a Amurka. Jelani Aliyu, wanda ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit karatun zanen mota, ya fara aiki da General Motors a 1994. Ya sa hannu a zanen Pontiac G6, ɗaya daga cikin motocin ƙarshe na gidan da ya haifi GTO, kafin a rufe Pontiac a 2010. Shi ne kuma ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a bajekolin Detroit na 2007. Volt takan yi tafiyar kusan kilomita 60 da batir kaɗai, daga nan ƙaramin injin fetur ya tashi ya ci gaba da ba ta wuta. Sauyin ya ci gaba har ya taɓa motocin ƙwanji kansu: Ford ya sa sunan Mustang a kan motar lantarki, Dodge ya daina ƙera Challenger a watan Disambar 2023, ya fito da Charger mai batir a shekarar da ta biyo. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da rabinsu a ƙasar Sin.

A 2017 aka naɗa Jelani Aliyu shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. A zamaninsa kamfanin Stallion ya harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020, kuma a watan Afrilun 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko a ƙasar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya shiga cire injunan ƙananan bas yana sa musu batir. Sai ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma zarce 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya tashi, manoman fadama da dama suka fara musanya injin ban-ruwa mai fetur da na faifan sola.

Motar lantarki ba ta da kafireta, ba fulogi, ba salansa, ba juyen baƙin mai. Batir ne ke ba injin wuta, shi kuma ya juya ƙafafu da cikakken ƙarfinsa tun daga tashi, abin da ya dace da ɗaukar kaya. Sai dai matsalolinta a yanki irin ƙasar Sakkwato a bayyane suke. Kuɗin sayenta ya yi yawa, wutar gwamnati ba ta tsayawa, ƙauyuka da yawa ma ba a ja musu waya ba, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana rage wa batir kwana, caji kuma yana cin lokacin da direba ba ya son ɓatawa a hanyar da tsaro ya yi rauni. Gyaranta ma yana buƙatar ilimin lantarki da na'urar bincike, ba sifana da guduma kawai ba.

Abin da yankin ke da shi a yalwace shi ne rana. Saboda haka sauyin ya fi yiwuwa ya fara daga babur da mai ƙafa uku da ƙananan motocin kaya masu gajeren zango, waɗanda za a iya caja su da sola a kasuwa ko a tasha. Peugeot ta yi nasara a ƙasar Sakkwato ne domin ta ɗauki kaya, ta jure hanya, kuma an samu masu gyaranta a kowane gari. Motar lantarki ma ba za ta zauna ba sai ta cika waɗannan sharuɗɗa uku, kuma horar da makanikan yankin shi ne aikin da ya kamata a fara da shi.