Yadda kuskuren ɗalibai ya gyara allon Arduino

A 2005, a Ivrea da ke arewacin Italiya, garin kamfanin tafireta na Olivetti, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fito da ɗan allon Arduino domin ɗaliban zane da ba su karanci lantarki ba. Irin waɗannan kuwa ba makawa sai sun ƙona kaya, kuma a ganina kura-kuransu ne suka tsara ɓangaren wutar allon. A samfurin Diecimila na 2007, da hannu ake matsar da wani ɗan mahaɗi don zaɓar inda wuta za ta shigo, ko ta USB ko ta adafta. Wanda ya manta sai ya ga allo shiru, ya ɗauka ya mutu. Da Duemilanove ya biyo baya, allon ne ke zaɓa da kansa. Akwai kuma fiyus mai yanke wuta idan an ja fiye da miliamfa 500 daga USB, ya sake haɗewa in ya huce, don kada ɗalibi ya halaka kwamfutarsa tare da allon.

Abin da bai sauya ba a waɗannan alluna shi ne mai daidaita wuta. Ka ba shi bolt 12, ya fitar da 5, ragowar 7 ta zama zafi. Shi ya sa mai gyara kan fara da ɗora yatsa a kansa, sannan ya ɗauko mita ya auna ƙafar bolt 5. Ya san inda zai auna ne saboda tun farko an saki zanen da'irar ga kowa, kamar yadda tsofaffin rediyo kan zo da nasu zanen a manne cikin murfi.

Wani zai ce ɓata darma ne gyara allon da kwaikwayonsa ke da arha haka. Ga mai kasuwa kusa, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai sabon allo ba ya kawar da abin da ya kashe tsohon: adaftar da ta ƙona na farko ita ce za ta ƙona na biyu. Masu Arduino ma ba don jefarwa suka ƙera shi ba. A Uno na 2010, ƙwaƙwalwar ATmega328P a soket take zaune, ana zare ta da bakin sukundireba a sa wata.